Masu fasahar tace ruwa, ga kurakuran da na gaji da gani

Duk baje kolin fasahar muhalli da na leƙa sai na tarar wani ya jera goruna, ya ɗura ruwan wanke-wanke, wai yana nuna yadda muke ɓata ruwa da yadda za a sake morarsa. Ranar buɗewa gwanin sha'awa. Koma bayan sati biyu, sai ka toshe hanci.

Babban kuskure shi ne sakin ruwan dauɗa kai tsaye kan yashi. Ni ma na yi, na kuma ji a jikina. Wata uku ina gina kasake bakwai na yumɓu masu zuba wa juna ruwa, na shimfiɗa tsakuwa, yashi da gawayi, amma ban tanadi inda laka da maiƙo za su fara rabuwa da ruwan ba. Kwana goma yashin ya toshe, famfo ya ƙone, ruwa ya kwanta. A zafin nan kuwa ƙwan sauro bai fi kwana goma ya tashi. Maƙwabta suka sa aka kwashe aikin, kuɗina suka bi ruwa. Haba jama'a! Lambun tace ruwa da Betsy Damon, wata mai fasaha 'yar Amurka, ta tsara a Chengdu ta ƙasar Sin, mai siffar kifi, wanda aka buɗe a 1998, tafkin kwantar da laka ruwan kogi ke fara shiga, sannan ya gangara ta wasu kwanoni masu kaɗa shi ya sha iska, kafin ya isa ga tsirrai. Ita ba ta tsallake wannan ba, kai wa ya aike ka? Yanzu duro biyu nake sawa a gaba, duk Asabar in kwashe lakar.

Sai kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa. Tana tace ruwa sosai, amma je ka tambayi manoma da masuntan Haɗeja da Nguru yadda ta cushe musu hanyoyin ruwa. A baho nake dasa ta, in sare kanta tun iri bai bi iska ba. Kada in ga ka kai ta bakin rafi da sunan fasaha.

Fentin mai kada ya taɓa ruwan, musamman in akwai kifi. Farar gora a rana gansakuka take tarawa. Sayo sabuwar roba don yin aiki a kan shara kuwa abin kunya ne. Ka kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa ruwan na ban shuka ne, don na taɓa kama wani yaro ya kafa kai zai sha.