Yara a ɗaka lokacin sanyin Saudiyya: kurakuran da iyaye suka fi yi

Daga 7 ga Disamba mutanen Najadu ke fara ƙirga Murabba'aniyya, wato kwana arba'in na tsakiyar sanyi, kafin ta miƙa wa Shabaɗ, zangon sanyin da ke biye da ita, a tsakiyar Janairu. Wanda ke zaune Makka ko Jidda zai ce ana kambama abin ne, don a can rigar sanyi mai sauƙi ta wadatar. Amma mutanenmu na Madina da Riyad da Ɗa'if sun san yadda asuba take a Janairu, balle na Tabuka da Ha'il da Turaif, inda ma'auni kan sauka ƙasa da sifili, har ƙanƙara ta kan rufe Jabal al-Lauz. Gidajen ƙasar nan kuwa don zafi aka gina su: tayil ko marmara a ƙasa, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a bango. Da hantsi sai ka tarar cikin shagga, wato gidan haya na bene, ya fi titi sanyi. Ga magriba a Riyad tana yi tun wajen ƙarfe biyar a Disamba. Sai yara su wuni a ɗaka, dare ya yi tsawo, uwa ta rasa inda za ta sa kanta.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɗauka cewa tunda ba a fita, to zama ya kama yaro. "Ku zauna wuri ɗaya!" ita ce maganar da bangon gidajenmu ya fi ji daga Disamba zuwa Fabrairu. Jikin yaro bai san wannan doka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, a rarrabe, kuma kada a ɗaure shi a kujera ko keken jarirai ko goyo fiye da awa ɗaya a jere. Daga shekara 5 zuwa 17 kuwa ana so ya samu minti 60 na motsi mai sa numfashi ya ɗaga. Yaron da bai samu wannan ba zai fitar da shi ta wata hanya: ya hau bayan kujera, ya tsokani ƙanwarsa, ya ƙi barci har sha biyu. Sai a ce ya yi ƙiriniya, a ɗauko bulala, alhali ɗakin ne ya kamata a gyara.

Gyaran ba ya cin riyal ko ɗaya. A ture teburin tsakiya zuwa bango, a kwashe kofunan shayi da kaskon turare, a bar fili ko da taku huɗu ne. A ɗauko salatif mai faɗi a zana gidajen 'yar gala-gala a kan kafet, murfin kwalba ya zama dutsen jifa. Matasan kai na ɗakin zama su zama tudun hawa, tebur ya zama kogon rarrafe, igiyar shanya a ƙasa ta zama gadar da za a bi ba a taka gefe ba. A naɗe safa biyu a yi ƙwallo, a riƙa jefawa cikin kwandon wanki. Ba ta fasa gilashi, ba ta ƙara. Langa ma tana yiwuwa ga manyan yaran in akwai shimfiɗa mai kauri kuma an nisanci kusurwar tebur. Abu ɗaya da ake mantawa: safa a kan tayil santsi ce. Yaro ya sheƙo a guje, ƙafa ta zame, ƙeya ta bugu. Ko dai a yi wasan a kan kafet, ko a sa masa safa mai ɗigon roba a tafi.

Na san uzurin da za a kawo, kuma gaskiya ne: maƙwabcin bene na ƙasa. Ba wanda ke son a ƙwanƙwasa masa ƙofa, ko maganar ta kai ga mai gidan haya. Maganin shi ne a tsayar da lokaci. Tsalle da guje-guje tsakanin la'asar da magriba, lokacin da mutane suka tashi daga ƙailula, yaran maƙwabcin ma suna nasu. Bayan isha'i sai wasan zaune. Yaron da ya san yana da sa'arsa ya fi saurin yarda in an ce ya isa.

Daffaya da gawayi

Nan ne kuskure ke zama asarar rai, don haka zan daɗe a kai. Hukumar Difa'ul Madani, mai kula da kashe gobara da ceto, tana maimaita gargaɗi kan kayan ɗumama ɗaki kowace shekara, kuma kowace shekara ana samun gidajen da abin ya shafa.

Wasu har yanzu suna hura gawayi su shigo da shi ɗaki, su toshe taga, su sa tsumma a ƙarƙashin ƙofa don kada iska ta shigo. Gawayi, da daffaya, wato na'urar ɗumama ɗaki, ta kananzir da ta gas, duk suna iya fitar da iskar guba ta kabon monoksaid idan ɗaki a rufe yake. Ba ta da wari, ba ta da launi. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi, wanda ake cewa ya nuna, shi ma yana fitar da ita. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi, kuma takan fi saurin kama ƙananan yara. In kika ga yaran da ke wasa ɗazu duk sun yi laushi lokaci guda, ke ma kanki na sarawa, kada ki ce mura ce ta zagayo gidan. Ki buɗe taga da ƙofa, ki fitar da kowa waje, a kira 997 na Hilal Ahmar, masu motar ɗaukar marasa lafiya, ko 911 a yankunan da ake amfani da ita, irin su Makka da Riyad. Gawayi dai wurinsa tsakar gida ko saman soro, kuma ba a kwana da duk wani abu mai harshen wuta a ɗaki.

Daffayar lantarki mai jan ƙarfe ba ta fitar da wannan iska, amma tana da nata. Ana ajiye ta tsakiyar ɗaki don ɗumi ya kai ko'ina, daidai inda yara ke kokawa. Bargon da suka yi tanti da shi ya faɗa kanta, ko mai rarrafe ya miƙa hannu ga jan haske. A mayar da ita kusurwa, a bar aƙalla mita ɗaya tsakaninta da labule, bargo, katifa da yaro. Kada a shanya kayan makaranta a kanta don su bushe kafin safiya. Kada a jona ta a doguwar waya mai ramuka da yawa tare da caja da talabijin, domin tana jan wuta sosai. A sa ta a soket na bango kai tsaye. Ga mai ƙananan yara, irin ta lantarki da ke da mai a rufe cikinta, wadda ke da haƙarƙari kuma ba a ganin ja a jikinta, ta fi kwanciyar hankali, ko da yake ita ma tana zafi in ta daɗe.

Filas ɗin shayi da butar gahawa a kan sufra, wato shimfiɗar cin abinci, su ma suna cikin lissafi, haka ruwan sakhana, wato tankin dafa ruwan wanka, da kan fito tafasasshe daga famfo. Idan ƙuna ta faru, a nan ma muna da kuskuren gado: man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri, ƙanƙara. Ko ɗaya ba ya taimako, wasu ma ƙara ɓarna suke. A tara wurin a ruwan famfo mai sanyi na minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin ya kumbura, kada a ɓamɓare tufar da ta manne, a rufe sauran jikin yaron don kada sanyi ya kama shi. Ƙuna a fuska, hannu ko al'aura, ko wadda ta yi faɗi, ta asibiti ce. Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya tana ba da shawarar likita ta waya dare da rana.

Waya a hannun yaro

Ba zan ce a hana gaba ɗaya ba, don uwar da ke da girki da wanki da jinjiri ba za ta saurare ni ba, kuma ranar da aka dakatar da zuwa makaranta saboda ruwan sama, karatun ma ta manhajar Madrasati ake yi. Kuskuren shi ne a miƙa waya tun safe a matsayin mai reno. Ƙa'idojin nan na 2019 sun ce jariri da ɗan shekara 1 ba su da rabo a kallon allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Abin da ya fi aiki shi ne a ajiye wayar don lokacin da aka fi matsuwa, misali sa'ar ɗora abincin dare, a faɗa wa yaro tun farko cewa da an kira magriba za a karɓa. Kiran salla agogo ne da ba ya jayayya da shi.

Akwai wata asara da ke tafe da wayar wadda ba ma lissafawa. Yaro ya yi Larabci a makaranta, ya yi a bagala, wato kantin unguwa, ya dawo ya yi awa huɗu yana kallo da Larabci ko Turanci. Sai kakarsa ta ce, "Zo nan, mai gidana, me ka ci yau?" ya amsa mata da "ma adri", wato "ban sani ba". Dogon daren sanyi shi ne damar da ta fi kowace a shekara ta gyara wannan, kuma kayan aikin suna bakin tsofaffinmu. A kashe babbar fitila bayan isha'i, a shiga bargo ɗaya, Gwaggo ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ko yaron da Hausarsa ta karye zai koyi cewa "Ta zo mu ji ta" a daren farko, kuma Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa gundurar kowa ba. In tatsuniya ta ƙare a shiga kacici-kacici: Baba na ɗaka gemu na waje, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. Yaron da bai taɓa ganin murhun itace ko tsintsiyar kaba ba zai tsaya yana tambaya, daga nan hira ta kai Kano ko Damagaram ba tare da an ce masa zauna a koya maka ba. Wanda ba shi da tsohuwa a gida, ya kira ta can gida ta bidiyo. Wannan kallon allo ne da ba ni da ja a kansa.

Sai dara, wadda nake mamakin yadda muka bar ta. Gidajenta 30 ne, biyar sau shida, kuma kiret ɗin ƙwai da ake saya a bagala ramukansa 30 ne cif, biyar sau shida. Kowane ɗan wasa 'ya'ya 12: ɗaya ya ɗauki ƙwallon dabino, ɗaya ya ɗauki murafun kwalba. A jera su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara matsawa gida-gida. Wanda ya haɗa uku a layi ya cire ɗan abokin hamayya guda. Ɗan shekara bakwai yana kama ta a zama ɗaya, ranar da ya ci babansa kuwa gidan ba zai ji wani labari ba sai wannan. Keram da ludo da yaran unguwa suka saba da su ma suna da kyau, 'yan mata kuma a koya musu carafke. Sharaɗi ɗaya ne: in akwai mai rarrafe, a ƙirga 'ya'yan kafin wasa, a ƙirga bayan an gama.

Wannan ya kawo mu ga kayan wasan saye. Ana shiga shagon kayan riyal biyar a ciko leda, a zube wa yara gaba ɗaya, kwana biyu sun gaji. Gara a raba uku, a ɓoye kashi biyu a saman kabad, a riƙa musanyawa duk Juma'a. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne abin da ke cikin kayan. Duk abin da zai iya wucewa ta kwalin tsakiyar takardar bayi bai dace da ɗan ƙasa da shekara 3 ba. Guntun balan-balan da ya fashe yana shaƙe yaro. Ƙananan maganaɗisu, in aka haɗiye biyu, suna iya manne hanji da hanji su huda shi. Batir mai kama da kwabo, na cikin rimot da kayan wasa masu walƙiya, in ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona shi cikin awa biyu. In ana zargin yaro ya haɗiye maganaɗisu ko irin wannan batir, ba a sa shi amai, ba a jira a gani. Asibiti nan take, ko da yana ta wasansa. Kwalin da aka kawo firji ko injin wanki a ciki, da fensir mai launi, yakan riƙe yara fiye da motar batir.

Tufafi da iska a taƙaice. Ana jibga wa yaro singileti, riga, suwaita biyu da hula, sannan a ce ya yi wasa kusa da daffaya. Ya yi gumi, gumin ya huce a jikinsa. In zai yi tsalle a rage masa ɗaya, in ya zauna a mayar. Jinjiri kuwa a taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa don a san ko ya ji ɗumi, ba tafin hannu ba, kuma ba a sa masa hula ko a lulluɓe fuskarsa lokacin barci. Mura ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, kuma sun fi yawo a ɗakin da mutum takwas suka wuni taga a rufe. A buɗe taga na ɗan lokaci da hantsi, sa'ar da yara ke ɗayan ɗakin.

Kuma ba dole ne a kulle su wata uku ba. A yawancin ranakun sanyi, tsakanin hantsi da la'asar rana tana da daɗi a Riyad da Madina, irin wadda ba a samu a Yuli. Ƙarancin bitamin D ya yi yawa a ƙasar nan duk da ranar da Allah ya hore mata, saboda mutane ba sa shiga cikinta. Ranar Asabar bayan azahar, maigida ya kwashi yaran zuwa lambun unguwa, uwargida ta samu ta miƙe ƙafa. Ranar da aka tashi da ƙura ko iska mai ƙarfi sai a haƙura, musamman in akwai mai asma. Wuraren wasa na cikin manyan kantuna suna da amfani jefi-jefi, amma yaron da ke zazzaɓi ko tari a bar shi gida, kuma a wanke musu hannu da sabulu kafin a zauna cin abinci.

Kuskure na ƙarshe ya shafi gidajen da uwa da uba duk ke fita nema. Sai a ce wa 'yar shekara tara, "Yaya babba, ki kula da ƙannenki," a ja ƙofa a kulle ta waje, daffaya a kunne. Yarinyar za ta iya raba faɗa, ta iya zuba abinci, amma ba za ta iya da gobara ba, kuma ƙofar da aka kulle ta waje ta hana su fita, ta hana maƙwabta shiga. In fitar ta zama dole, a kashe daffaya a cire ta daga bango, a ƙara musu tufa da bargo, a bar mabuɗi wurin maƙwabciyar da ke gida, ko kuma gidaje biyu su yi karɓa-karɓa: yau yaran su wuni wurin wannan, gobe wurin waccan.