Yadda za ka zagaya Bletchley Park in kana Ingila

In Allah ya kai ka Landan kuma kana da yini guda a hannu, don Allah ka daure ka je Bletchley Park, wurin da Birtaniya ta riƙa warware saƙonnin sirrin Jamus a yaƙin duniya na biyu, yanzu kuma gidan tarihi ne. Jirgin ƙasa za ka hau daga tashar Euston ka sauka a tashar Bletchley kusa da Milton Keynes, tafiyar kamar awa ɗaya ce ko ƙasa da haka, daga nan da ƙafa ma za ka ƙarasa. Ka yi sammako, wurin ba na leƙawa a fito ba ne.

Shawarata kar ka bi ayarin masu rububin ganin na'urori tukuna, fara da babban gidan. Wani attajiri ne Sir Herbert Leon ya sayi wurin a 1883 ya yi ta ƙara gini, kowane sashe da salon da ya burge shi, shi ya sa in ka tsaya daga gaba sai ka ga kamar gidaje uku aka manna. Ya rasu a 1926, matarsa Fanny ta bi shi a 1937, gidan ya faɗa hannun wani ɗan kwangila da ke shirin yanka filaye. Sai a 1938 shugaban leƙen asirin Birtaniya, Hugh Sinclair, ya saye shi fam 6,000, don yana bakin layin dogon da ya haɗa Oxford da Cambridge inda masanan lissafi suke, ga shi kuma nesa da Landan in aka fara ruwan bama-bamai.

Daga nan ka fita lambu wajen ɗakunan katakon da aka kakkafa lokacin da gidan ya yi wa masu aikin warware saƙonnin kaɗan. Nemi mai lamba 8, nan masanin lissafi Alan Turing ya yi ta fama da saƙonnin sirrin da sojan ruwan Jamus ke ɓoyewa da na'urar Enigma a yaƙin duniya na biyu. Ka ɗan tsaya ka dubi ƙanƙantar ofishinsa, ni dai nan ne jikina ya yi sanyi. Mutum kusan 9,000 ne ke aiki a Bletchley Park a 1945, kashi uku cikin huɗu mata, duk an sa su alkawarin yin shiru, wasu har suka koma ga Allah iyalansu ba su san me suka yi ba, sai a 1974 maganar ta fito fili.

Bayan yaƙi an horar da malaman makaranta da ma'aikatan gidan waya a nan, har wurin ya lalace aka kusa rushe shi a 1991, mutanen gari suka tashi tsaye aka kafa gidauniyar ceto shi a 1992. A Nuwamban 2023 kuma nan shugabannin duniya suka taru kan haɗarin ƙirƙirarriyar basira.

In kana son ganin Colossus, kwamfutar da aka yi amfani da ita wajen warware saƙonnin Jamus a lokacin yaƙin, wadda aka sake haɗa irinta, tana gidan tarihin kwamfuta da ke maƙwabtaka, tikitinsa daban ne, ka ware masa kuɗi da kamar awa biyu. Ka tafi da rigar sanyi da lema, yawancin yawon a waje ne.