Yadda Ake Daidaita Ramukan Rim Idan Na Gaba Da Na Baya Sun Saɓa

Masu harhaɗa tsofaffin motoci a Amurka sun saba da wannan matsala: ƙafafun baya na Ford, ƙafafun gaba na Chevrolet, kowanne da nasa awon bol. Na Ford bol biyar ne a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, na Chevrolet kuwa 120.65. Mota za ta yi tafiya a haka, amma safayar taya ɗaya ba za ta shiga gaba da baya ba.

Fara da awo. Ɗaga motar da jak, ka tokare ta da kyau, ka cire tayar. Idan bol huɗu ne ko shida, auna daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Masu biyar ne ke ruɗa mutane, don babu wanda ke kallon wani. Auna tsakanin tsakiyar bol biyu maƙwabta, ka ninka da 1.701. In ka samu wajen milimita 67.2, awon 114.3 ke nan, in 70.9 ne kuma 120.65. Kada ka dogara da ido. Rim ɗin BMW mai awo 120 zai zauna a kan 120.65 kamar nasa ne, alhali kowane noti yana jan bol ɗinsa gefe, har wata rana ya karye.

Gyaran da ya fi inganci shi ne sauya hob (ƙarfen da ake ɗaura rim a kansa) ko faifan birki na gaba da mai awon baya. Ƙafar gaba irin ta motar Ford Mustang II, wadda aka fi sa wa irin waɗannan motoci, ana sayar da faifanta a duka awon biyu. Idan bayan za a taɓa, a zare sandar aksil a kai wa masu injin yankan ƙarfe su huda sababbin ramuka tsakanin tsofaffin, tare da gangar birkin. Banda hudawa da injin hannu, kuskuren rabin milimita ya isa ya sa taya rawa.

Adafta, wato faifan da ake sa wa tsakanin hob da rim don sauya awon bol, ta fi sauƙi, sai dai tana da sharaɗi. Kaurinta yakan kai milimita 25, don haka za ta turo taya waje, ta ƙara wa boris nauyi, wataƙila ma tayar ta riƙa gugar jikin mota. Tsofaffin bol kada su leƙo sama da fuskarta, in sun leƙo rim ba zai kwanta ba. Duba ramin tsakiya ma, ya zauna cif a kan hob.

Kada ka cakuɗa notuna, don zaren bol na tsohuwar Chevrolet inci 7/16 ne, na Ford rabin inci. Ɗaure su a tsallake, kana ƙetare ɗaya, da sifana mai auna ƙarfi, sannan ka sake duba su bayan tafiyar kilomita 80.