Inda ɗalibai ke tuntuɓe a lissafin makamashin motsi

Duk abin da ke motsi yana ɗauke da makamashi, kuma ƙa'idar lissafa shi gajeriya ce: KE = ½mv². KE shi ne makamashin motsin, harafin m nauyin abin ne a kilogiram, v kuwa gudunsa a mita cikin daƙiƙa ɗaya, amsa kuma ta fito a jul. Duk da haka, a nan ɗalibanmu na Sakkwato ke zubar da maki a WAEC da NECO da JAMB, alhali ƙa'idar na kansu.

Yawancin ɓarnar daga wajen gudu take. A ɗauki ɗan kabu-kabu da fasinjansa da babur ɗin, gaba ɗaya kilogiram 200, suna tafiyar kilomita 36 a awa. Mai gaggawa sai ya saka 36 a ƙa'idar kai tsaye, ya samu jul 129,600. Amsar ta kauce nesa. Dole a fara raba 36 da 3.6, domin kilomita ɗaya mita 1,000 ce, awa ɗaya kuma daƙiƙa 3,600. Gudun ya koma mita 10 a daƙiƙa, amsa ta zama ½ × 200 × 100, wato jul 10,000.

Sai ƙaramin 2 ɗin da ke saman v. Yana nufin v sau v, don haka 10² ɗari ne. Wasu sukan rubuta 20, wasu kuma su haɗa har da m su ninka. Gudu kaɗai ya shafa.

Abin da na fi so malamai su tsaya a kai shi ne ma'anar wannan ninkin. In ɗan kabu-kabun nan ya ƙara wuta zuwa kilomita 72 a awa, wato mita 20 a daƙiƙa, makamashinsa ya kai jul 40,000. Gudu ya ninka sau biyu, makamashi sau huɗu. Shi ya sa direban da ya ninka gudun motarsa sau biyu a hanyar Gusau ke buƙatar wajen ninki huɗu na tazarar birki kafin ya tsaya, in ƙarfin birkin bai canza ba.

Tambayar ƙarin makamashi ma tana kayar da mutane. Daga mita 10 zuwa 20 a daƙiƙa, a lissafa kowanne daban sannan a cire: 40,000 − 10,000, jul 30,000 ke nan. Wanda ya fara cire 10 daga 20 kafin ya ninka zai tashi da 10,000 kacal.

A duba ma'aunin nauyi kuma. Ƙwallon da aka ce giram 400 ce, kilogiram 0.4 za a rubuta. In kuwa an ba da nauyin a niyuton, sai a raba da g, wato yadda jan ƙasa ke ƙara wa abin da ke faɗowa gudu, wanda takardun jarrabawa kan ce a ɗauka a 10: niyuton 50 ya zama kilogiram 5 kafin ya shiga ƙa'idar.