Ciyawar roba a farfajiyar gida: abin da sabon zuwa Amurka ya kamata ya duba

Wanda ya sauka a Houston, Phoenix ko Las Vegas ya fara neman gidan haya zai yi ta cin karo da farfajiya mai ciyawa kore shar ko a tsakiyar zafi, ba ta bushewa, ba ta tsawo, kamar an shimfiɗa darduma. Sau da yawa ba ciyawa ba ce, zaren roba ne aka saƙa a kan shimfiɗa mai ƙananan huji, irin wadda aka fara sa wa babban filin wasa na Astrodome a Houston a 1966, kafin daga baya ta shiga gidajen jama'a. Dalilai biyu ne suka yaɗa ta. Na farko shi ne tsadar ruwa: a kudancin Nevada, inda birnin Las Vegas ya dogara da tafkin Mead da kogin Colorado, hukumar ruwa tana biyan mai gida kuɗi idan ya cire ciyawa ta gaske, a California kuwa tun 2015 doka ta hana ƙungiyoyin masu gidaje na unguwa haramta ciyawar roba. Na biyu, wanda ya fi shafar mu, shi ne kare, domin fitsarinsa yana ƙona ciyawa ta gaske, yana kuma tona ramuka ya shigo ɗaki da taɓo. Saboda haka duk inda kuka ga ciyawar roba a gidan da aka tallata cewa ana karɓar masu dabbobi, ku ƙaddara cewa kare ya zauna a wurin kafin ku, kuma a nan yake biyan buƙatarsa.

Mu da muka taso a tsakar gida ta ƙasa mun saba da cewa shara da rana suna gama yawancin aikin tsafta. Roba ba haka take ba. A ƙarƙashinta akwai tsakuwa da aka daddaɓe, a tsakanin zaren kuma an zuba yashi ko ɓarɓashin taya don ciyawar ta tsaya, kuma a cikin wannan yashin fitsari yake maƙalewa ya bushe, ido ba ya ganinsa, sai rana ta take sannan zarni ya tashi. Don haka ku nemi a nuna muku gidan da tsakar rana, ku tafi da gorar ruwa ku zuba a kusurwar da ke jikin katanga, inda karnuka suka fi tsayawa. Idan wari ya taso, ko ruwan ya kwanta bai nutse ba, ku rubuta a takardar duba gida da ake cikewa ranar shiga, ku ɗauki hotuna, ku nemi a wanke kafin ku kwaso kaya, domin abin da ba a rubuta ba, daga kuɗin ajiyar da kuka ba mai gida za a cire kuɗin gyaransa ranar fita.

Batun tsarki ya fi damun mutanenmu, kuma ana yawan cakuɗa shi. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Hausawa ke bi, jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne, kuma ruwa ne ke gusar da ita, ba turare ko fesa ƙamshi ba. Sauƙin da ke nan shi ne an yi wannan ciyawa ne don ruwa ya ratsa ta. A kwashe kashin tukuna, a sa tiyo a kwarara ruwa sosai, a fesa maganin wanki mai narkar da fitsari da ake sayarwa a shagunan kayan dabbobi, ko farin ruwan khal da aka sirka rabi da rabi da ruwa, a bar shi ya jiƙa, sannan a sake ɗauraye wurin da zallan ruwa har warin ya gushe. A wurin da ya daɗe ba a kula da shi ba, sau ɗaya ba ya isa. Kada a kuskura a zuba bilic, domin haɗuwarsa da sinadarin amoniya da ke cikin fitsari tana fitar da iska mai guba. Ko bayan wanki, ni dai ina ganin ya fi kwanciyar hankali a shimfiɗa tabarma kafin a yi salla ko a zaunar da jariri, tunda kyanwar maƙwabta ba ta neman izinin kowa kafin ta tsallako.

Sai zafi. Ciyawa ta gaske tana sanyaya kanta da ruwan jikinta, roba kuwa tana tara zafi, har takan wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyas da rana tsaka, abin da ya isa ya ƙona tafin yaro ko na dabba. Yaranmu sun saba fita ba takalmi, saboda haka babba ya fara ɗora bayan hannunsa, idan bai iya jurewa ba a jira la'asar sakaliya. Watsa ruwa yana sanyaya ta, amma na ɗan lokaci ne. Haka kuma garwashi ɗaya ya isa ya narkar da ita, kuma inda ya narke sai dai a yanke a yi faci. Masu gashin nama da Babbar Salla da masu kunna gawayin turare su ajiye murhu a kan siminti, nesa da bakin ciyawar.

Wanda ya sayi gida yake son shimfiɗa ta saboda kyanwa ko karen gadi, ya fara neman amincewar ƙungiyar unguwa a rubuce, ya kuma tambayi ƙaramar hukuma, domin a California tun 2023 an mayar wa birane ikon hana ta. Ya zaɓi mai gajeren zare wadda ruwa ke ratsa dukan shimfiɗarta, ya nemi a zuba dutsen ziyolait maimakon ɓarɓashin taya, saboda yana riƙe amoniya ya rage zarni, kuma kada ya yarda a sa kyallen hana tsiro daf da ƙarƙashinta, domin shi ne yake shan fitsari ya riƙe. Yana da kyau a bar wani lungu mai inuwa da tsakuwa zalla, a koya wa dabbar zuwa can, ragowar filin kuma a riƙa taje shi da tsintsiyar roba mai tauri, ba ta ƙarfe ba, don zaren ya miƙe.