Yadda Ake Shan Maganin Raunin Ƙashi Ga Mai Fama Da Ƙwannafi

Ƙwayoyin ƙarfafa ƙashi irin su alendronate da risedronate ba sa son kishiya. Ko a cikin da babu komai, abin da ke shiga jini daga ƙwayar bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ta haɗu da kalsiyam, magniziyam ko alminiyam, waɗanda su ne ke cike da magungunan ƙwannafi na taunawa da na ruwa, sai su manne da ita, a fitar da ita a bayan gida ba tare da ta yi aikin komai ba.

Da farko, a keɓe mata safiya. Mai shan alendronate na miligiram 70 sau ɗaya a mako ya zaɓi rana guda ya tsaya a kanta. Ana tashi daga barci a haɗiye ta da cikakken kofin ruwa zalla, ba shayi ba, ba madara ba. Kada a tauna, kada a tsotsa.

Sai a zauna a miƙe ko a tsaya, aƙalla minti 30, ba ci ba kwanciya. Ibandronate, wata ƙwayar ƙashin ce ita ma, awa guda take buƙata. Wannan zaman ba tsirfa ba ne: ƙwayar da ta maƙale a hanyar abinci tana iya ƙona wurin.

Bayan nan ne omeprazole, maganin ƙwannafi mai rage asid ɗin ciki, ko makamancinsa zai biyo, sannan karin kumallo. Maganin ƙwannafi na taunawa da ƙwayar kalsiyam kuwa, ni dai na fi son a bar su sai rana ta yi, bayan awa 2 ko fiye.

A duba irin kalsiyam ɗin da ake sha. Calcium carbonate yana buƙatar asid ɗin ciki kafin ya narke, omeprazole kuma rage asid ɗin ne aikinsa. Ko dai a sha shi tare da abinci, ko a tambayi likita game da calcium citrate, wanda bai damu da asid ba.

Sannan a zauna da likita a kan omeprazole ɗin kansa. Tun 2010 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗin cewa shan irinsa da yawa ko fiye da shekara yana da alaƙa da karayar ƙugu, wuyan hannu da ƙashin baya. Amma kada a yanke shi rana tsaka, asid ɗin kan dawo da ƙarfi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne nan: ƙwannafi ya taso bayan fara maganin ƙashi, sai a danne shi da ƙarin magani. Sabon zafin ƙirji ko jin ciwo wajen haɗiya dalili ne na dakatar da ƙwayar ƙashin a ga likita. Akwai wasu magungunan ƙashin: zoledronate da ake sawa ta jijiya sau ɗaya a shekara, da allurar denosumab duk wata 6, dukansu ba sa bi ta ciki.