Yadda za ka tsallake zafin bazara lafiya a ƙauye

Daga Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, zafi a ƙasar Kano da Jigawa yakan haura digiri 40, kuma a tsakiyarsa ake sharar gona da kai taki. Tunda aikin ba ya ɗaguwa, lokacinsa za ka fara gyarawa. Ana sallame asuba ka kama hanya, kafin rana ta take ka dawo gida, abin da ya rage ka bar wa bayan la'asar. Ka sa malafa da riga mai yalwa, fara ko mai haske.

Sai ruwa. Kada ka jira ƙishirwa ta tuna maka, ka riƙa kurɓa a kai a kai. Fitsarinka shi ne ma'auni: in ya yi ja kuma ɗan kaɗan, jikinka na bin ka bashin ruwa. Jarkar da za ka tafi da ita gona ka naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara. A gida kuwa a girke randa a inuwa, inda iska ke ratsawa, a rufe da faifai. Danshin da ke tsattsafowa ta jikinta, in iska ta busar da shi, shi ke sanyaya na ciki. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye, har ya ci lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a 2000.

In ka sha gumi har jiri ya fara ɗibar ka, ruwa zalla ba ya wadatarwa. Juye ledar fiya wata guda biyu a kwano, lita ɗaya ke nan, ka zuba sukari cokalin shayi shida a shafe da gishiri rabin cokalin shayi. A shafe fa, ba a tsibe ba.

Ɗakin kwano da azahar ba wurin jariri ko tsoho ba ne, a fito da su rumfar zana ko gindin darbejiya. Jaririn da bai kai wata shida ba a yawaita ba shi nono, ya ishe shi, uwar ce za ta ƙara shan ruwa. Da dare a rage cunkoso a ɗaki, don lokacin sanƙarau ne. Mai kwana a tsakar gida ya kakkaɓe tabarma saboda kunama.

Idan wani ya fara sambatu, jiki rau, ko ya yanke jiki ya faɗi, a kai shi inuwa nan take, a sassauta masa kaya, a kwara masa ruwa a jiki, a sa jiƙaƙƙen zane a wuya da hammata, ana yi masa fifita. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. A nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa, ana ci gaba da jiƙa shi a hanya.